Silikon ɗina ya ƙi bushewa, me ya jawo?

Ɗan'uwa, ka ce kana koyon kwalliyar fim, ka zuba silikon (ruwan roba mai daskarewa) a mazubi don yin tabon ƙuna na bogi, washegari ka tarar da saman yana danƙo yana bin yatsa. Wannan guba ce ta taɓa shi, ba rashin lokaci ba.

Silikon mai filatinam, irin Platsil Gel-10, ba ya shiri da farar wuta. Wata lakar sassaƙa tana ɗauke da ita, haka ma safar hannu ta latas. Koma safar naitiril (robar da ba latas ba) da laka marar farar wuta kamar Monster Clay. Ko kofin da aka taɓa dama silikon mai kuza a ciki ya isa ya ɓata maka aiki, don haka ka ware kayan kowanne daban.

Awo kuwa ɗaya bisa ɗaya ne, ruwan A da ruwan B da silikon ɗin ke zuwa da su, a kan sikeli. Ka kankare gefe da gindin kofi wajen damawa, nan ne ragowar da ba ta gauraya ba ke maƙalewa. Minti 5 zuwa 6 kake da su kafin ya fara kauri. Kullum ka fara ɗiga kaɗan a gefen mazubi ka gani.

Ɗaukar siffar fuskar mutum kam, kada ka gwada kai kaɗai. Filasta, wato farin garin POP da ake kwaɓawa, tana zafi idan tana daskarewa, ba a ɗora ta kai tsaye a fata, kuma dole hanci ya kasance a buɗe. Sai da ƙwararren malami a gefe. Gam ɗin liƙawa ma ka gwada a damtse tukuna. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, a cire, in bai lafa ba a ga likita.