Amsoshin Masu Karatu: Amosanin Gaɓɓai, Hano, Jiƙo da Tsimi

Tambaya: Malam, shin sanyin ƙashi da amosanin gaɓɓai abu ɗaya ne?

Amsa: A bakin jama'a kusan ɗaya ne, amma na fi son amosanin gaɓɓai, domin ya faɗi wurin da ciwon yake. Kalmar sanyi an ɗora mata kaya fiye da kima, har ta kai duk ciwon da mutum ya rasa sunansa sai ya ce sanyi ne. Likitoci sun bambanta amosanin da ke zuwa saboda guringuntsi ya zaizaye da wanda garkuwar jiki ce ke far wa gaɓɓai, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Tambaya: Na ga kwalbar maganin ciwon gwiwa da aka ce tsimin hano ne. Mene ne hano, kuma daidai ne a kira wannan tsimi?

Amsa: Hano shi ne ararraɓi, itace mai ɓawo kamar takarda da ƙaro mai ƙanshi. Masana tsirrai suna kiransa Boswellia dalzielii, don tunawa da Dalziel, likitan da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916. Sai dai abin da ake ɗurawa a kwalabe galibi daga ƙaron ɗan'uwansa na Indiya ne, wato Boswellia serrata, wanda aka gwada a kan masu ciwon gwiwa aka ga yana rage zogi da kumburi ga wasunsu.

Batun tsimi kuwa, nan ne masu talla suke ɓata mini rai. Jiƙo daga jiƙa yake: a zuba sassaƙe ko saiwa a ruwa na ɗan lokaci, a sha. Tsimi daga tsima yake, kuma sharaɗinsa daɗewa, sai itacen ya kwana ya wuni a ruwa har ruwan ya rine. Wanda aka tafasa a wuta dafaffe ne, ba jiƙo ba ne, ba tsimi ba ne. Abin da ke cikin kwalbar nan bai shiga ko ɗaya daga cikin ukun ba, domin an ciro sinadarin ne aka tattara shi, shi ya sa na ga tatacce ya fi dacewa da shi. Wani zai ce wannan tsanani ne irin na malaman harshe, amma a sha'anin magani suna yana nuna ƙarfi. Sinadarin da ake kira kurkumin, wanda ke cikin garin gangamau, alal misali, ɗan kaɗan ne a garin, alhali a tataccen ƙwaya shi ne kusan duka, kuma yana iya cin karo da magungunan tsinka jini. Wanda ya ɗauka cewa ƙwayar tsimi ce kawai zai sha ta ba awo, ba tare da ya sanar da likitansa ba.

Tambaya: Me ya sa ake kiran bishiyar sanya uwar magunguna?

Amsa: Kirari ne na yawan cututtukan da ake nemanta dominsu. Ƙanshin saiwarta na wani sinadari ne ɗan dangin asfirin, irin wanda ake sa wa man shafawa na ciwon jiki. Kirarin kada ya ruɗe ka, saiwar tana da guba idan aka sha da yawa.

Tambaya: "Da tsohuwar zuma ake magani" tana nufin tsohon magani ya fi sabo?

Amsa: A'a. Mutane ake nufi, wato a nemi dattijo mai gogewa idan al'amari ya cije. Masu liƙa ta a jikin kwalba sun karkatar da ita ne don ciniki.

Tambaya: Wace citta ce ake cewa tana rage kumburin gaɓɓai?

Amsa: Citta mai yatsu. Mai ƙwaya wani tsiro ne dabam.