Zan je Filifin lokacin guguwa: wace inshora zan saya, wane shiri zan yi wa lafiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan je ƙasar Filifin a watan Nuwamba, zan yi mako uku tsakanin Manila da tsibirin Leyte. Ina da ciwon suga, ina yi wa kaina allurar insulin. An ce mini ƙasar ba ta rabuwa da guguwa da girgizar ƙasa. Inshorar da ake haɗawa da tikiti ta wadatar, ko da sauran aiki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Da sauran aiki. Wadda ake liƙa wa tikiti galibi ta fi ƙarfi a kan ɓatan jaka da jinkirin jirgi, kuɗin asibitin da ke cikinta kuwa ba ya kai ko'ina. Abin da aka gaya maka game da ƙasar gaskiya ne. Kusan guguwa 20 ke shiga yankinta a shekara, kuma Nuwamba ba watan hutawa ba ne: ranar 8 ga Nuwamba 2013 guguwar Haiyan ta afka wa birnin Tacloban, a wannan Leyte ɗin da za ka je, ta hallaka mutum fiye da 6,000 a faɗin ƙasar.

Fara da ranar saye, domin a nan aka fi yin asara. Inshora ba ta biyan abin da aka riga aka san yana tafe. Da zarar masu hasashen yanayi sun raɗa wa guguwa suna, duk wanda ya sayi takarda bayan nan ba shi da haƙƙin diyyar abin da wannan guguwar ta jawo. Haka abin yake idan dutse ya riga ya fara aman wuta. Don haka ranar da ka biya kuɗin tikiti, a ranar za ka saya, ko cikin makon. Ka kuma lura cewa guguwa ɗaya suna biyu take da shi a can, na duniya da wanda hukumar yanayin ƙasar, PAGASA, take ba ta. Haiyan ɗin nan mutanen Filifin Yolanda suke ce mata. Kada ka ji suna biyu ka ɗauka biyu ne.

Sai ka zauna da takardar sharuɗɗan, ka nemo shafin abubuwan da ba a biya, shi za ka fara karantawa. Ka duba ko an ambaci bala'o'i da sunayensu: guguwa, ambaliya, girgizar ƙasa, aman wuta. Wasu takardun sukan cire tokar dutse, alhali ita kaɗai tana iya tsayar da kai. A Janairun 2020 da dutsen Taal ya tashi, sai da aka dakatar da jirage a filin jirgin Manila. Ka duba kuma a wane hali ake biyan fasa tafiya. Yawanci sai an soke jirgi ko masaukinka ya lalace har ba ya zaunuwa. Ka ga hasashe ka tsorata ka fasa da kanka, ba sisi. Akwai ƙarin tsari na fasawa bisa kowane dalili, amma yana da tsada, sai an saye shi cikin kwana 14 zuwa 21 da biyan kuɗin farko, kuma rabi zuwa kashi 75 cikin ɗari yake mayarwa. Idan gwamnatin ƙasarka ta yi gargaɗin kada a je wani yanki, kai kuma ka je, yawancin kamfanoni sun zare hannunsu.

A ganinmu kuɗin magani kada ya gaza dala 100,000, na kwashe majinyaci kuma ya fi haka, domin jirgin ɗaukar marar lafiya daga tsibiri zuwa babban asibiti ko zuwa gida yakan ci dubban daloli masu yawa. Kwashe marar lafiya daban, kwashe lafiyayye daga inda bala'i ya auku daban. Na biyun sai ka tambaya, ba kowace takarda ke da shi ba.

Ciwon sugan nan ka bayyana shi a fom, da sunan kowane magani. Wasu kan ɓoye don kuɗin ya sauka, ranar da aka kwantar da su kamfani ya nemi bayanan likita ya gani, ya ƙi biyan komai. Ka sa su rubuto maka cewa sun amince da shi. Idan abu ya faru, kira lambar gaggawarsu kafin a fara babban magani in hali ya yi, ka adana kowane rasit, ka karɓi takarda daga kamfanin jirgi mai nuna dalilin sokewa. In za ka hau babur ba lasisi ba hular kwano, ka san da aljihunka za ka yi jinya.

Wajen lafiya, ga likita saura mako huɗu zuwa shida. A duba rigakafin ciwon hanta nau'in A, taifot, ƙyanda, da tetanus idan ta haura shekara 10. Ku tattauna rigakafin cizon mahaukacin kare, domin cutar tana nan a ƙasar. In daga ƙasar da ake da cutar shawara za ka taso, za a nemi katin rigakafinta, kuma sai bayan kwana 10 da allurar yake fara aiki.

Ga mai ciwon suga, iskar guguwa ba ita ce babbar matsala ba, kwanakin da ke biyo bayanta ne: ba wuta, ba firji, kantin magani a rufe, hanya a toshe. Ɗauki ninkin abin da mako uku ke buƙata, insulin da allurai da tsinken gwaji da batirin na'ura, ka raba jaka biyu, duk a hannu. Kada ka sa insulin a jakar da ke shiga cikin jirgi ta ƙasa, sanyin can yana iya daskarar da shi, wanda ya daskare kuwa ya tashi aiki ko da ya narke. Yawancin nau'o'insa suna jure kwana 28 a wajen firji muddin zafi bai wuce digiri 30 ba, amma Filifin takan wuce, saboda haka ka nemi 'yar jakar sanyaya da ake jiƙawa da ruwa. Ka riƙe wasiƙar likita mai asalin sunayen magungunan, da alewa a aljihu saboda faɗuwar suga. In gudawa ko amai suka kama ka, kada ka dakatar da insulin da ra'ayin kanka. Ka yawaita gwaji, ka nemi likita.

Ruwan ambaliya kuwa kada ka taka shi da silifas. Ruwa ne launin ƙasa har gwiwa, ba ka ganin ƙusa ko gefen kwanon rufi da ke kwance a ƙasa, kuma ƙafar mai suga takan yanke bai ji ba. Ta wannan yankan cutar fitsarin ɓera, wadda likitoci ke kira leftosfirosis, take shiga, kuma tana yawaita a ƙasar bayan kowace ambaliya. In ya zama dole ka ratsa, sa takalmin roba dogo, ka wanke da sabulu, ka duba tsakanin yatsu da tocila, ka tambayi likita ko kana buƙatar maganin doksisaikilin. Zazzaɓi da ciwon ƙwauri ko jan ido cikin wata guda bayan nan, ko ka dawo gida, ka gaya wa likita ka shiga ruwan.

Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba, sai da man shafawa mai sinadarin korar sauro na DEET kashi 20 zuwa 30. In zazzaɓi ya zo, farasitamol kawai. Asfirin da ibufurofen suna ƙara haɗarin zubar jini. Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko ɗigo biyu na bilic marar ƙamshi a lita ɗaya, a jira minti 30. A jakarka ƙara ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, takunkumin N95 saboda toka, fawa-bank, da tsabar kuɗin peso, domin na'urar cire kuɗi takan mutu tare da wuta.

Ƙasa ta girgiza, durƙusa ka shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ka riƙe ƙafarsa. In kana bakin teku, girgizar tana lafawa ka nufi tudu saboda ambaliyar teku, kada ka jira sanarwa. Gargaɗin iska na PAGASA mataki biyar ne, kuma tun daga na farko akan fara tsayar da jiragen ruwa, saboda haka ka koma Manila saura kwana biyu ko uku jirginka na gida ya tashi. Lambar gaggawa a can 911 ce. Rubuta ta a takarda tare da lambar inshorarka da ta ofishin jakadancinku, ka naɗe a leda tare da fasfo.