Yaya ya ce in bar Riyad in koma Ingila, wai can ce ƙasa

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata tara ke nan a Riyad ina gyaran AC a wani kamfani, iƙamata lafiya lau, albashi riyal 4,000, ɗaki na kamfani ne. Muna da guruf a WhatsApp mu da muka yi makaranta tare, akwai na Ingila, akwai na Kanada, na Jamus, na Malesiya, kullum musu ake wace ƙasa ta fi wace, kuma kullum ni ne a ƙarshen layi, wai ina zaune inda ko shekara 40 na yi ba za a ba ni fasfo ba. Yayana ya ji ɗan abokinsa da ke Ingila ya gama gini, tun daga nan ya sa ni a gaba, har ya samo ejan da zai yi min takardar aikin kula da tsofaffi a kan fam 12,000, rabi yanzu, rabi in biza ta fito. Ya ce in ajiye aiki in karɓi kuɗin sallama in haɗa da ajiyata. Matata da yara uku suna gida. Barci ya gagare ni, in na ƙi a ce na raina na gaba. Tsakani da Allah wace ƙasa ce ta fi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Zan zo kan maganar wace ƙasa ta fi, amma bari in fara da abin da ya fi gaggawa, don ina tsoron kafin ka gama karatun nan Yaya ya sake kira ka tura rabin nan. Kada ka tura, ko riyal ɗaya. Ƙofar da ejan ɗin nan yake sayar maka an riga an rufe ta. Tun ranar 22 ga Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta daina ɗaukar sabbin masu kula da tsofaffi daga waje, waɗanda aka bar wa dama su ne waɗanda suke cikin ƙasar, su sabunta ko su canja wurin aiki. Kai kuma kana Riyad. To takardar me zai yi maka? Kuma ko lokacin da ƙofar take buɗe, tun Maris ɗin 2024 an hana masu wannan aikin ɗaukar mata da 'ya'ya, ke nan ko mafarkin da ake nuna maka na ka je ka ɗauko iyali daga baya bai da tushe.

Ita takardar aikin nan da ake kira COS, wato shaidar ɗaukar nauyin ma'aikaci, kamfanin da zai ɗauke ka ne yake bayarwa, kuma doka ta hana shi ɗora maka kuɗinta, ballantana wani can da ba shi da ofis sai lambar waya ya yanka maka fam 12,000. Saboda irin wannan cinikin ne gwamnatinsu ta ƙwace lasisin kamfanonin kula da tsofaffi sama da 470 tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024, ma'aikata dubbai suka wayi gari babu mai ɗaukar nauyinsu, kuma da zarar an taƙaita maka biza kwana 60 ake ba ka ka samo wani kamfanin ko ka tattara. Akwai wani da ya rubuto min, shi ma daga ƙasar Larabawa ya tashi a 2023, takardarsa ta gaske ce ma, ya sauka lafiya, ya je adireshin kamfanin ya tarar ba aiki ba tsofaffi, sai wani mutum a waya yana ce masa ya yi haƙuri ana nema masa awanni. Wata takwas yana kwana a falon wani, yana wankin mota a ɓoye, a gida kuma an ɗauka ya shiga daula har an fara jera masa buƙatu. Wannan shi ne wanda ya yi sa'a fa, ya dai ga Ingila da idonsa. Wani kuwa hoton takarda kawai aka turo masa da tambari mai kyau, da ya biya kashi na biyu lambar ta daina shiga.

Kuma na lura da wani abu, ejan ɗin da ya zo ta hannun ɗan'uwa ya fi cuta, ba don ɗan'uwan yana da mugun nufi ba, a'a, don kunya ba ta barinka ka tambaye shi rasit, ba ta barinka ka ce nuna min sunan kamfanin. In kana so ka gwada shi, ka ce ya ba ka sunan kamfanin, jerin kamfanonin da ke da lasisi yana nan a shafin gwamnatin Birtaniya kowa na iya dubawa kyauta, sannan ka tambaye shi ta yaya zai shigar da kai hanyar da aka rufe. Zan iya faɗa maka amsarsa tun yanzu, zai ce ai ba damuwa, ka shiga da bizar ziyara sai a juya maka a can. Ba a juya bizar ziyara ta koma ta aiki a cikin Birtaniya. In ya ga ka gane sai ya karkata ya ce to Kanada, ita ma ɗan sassaucin da ta yi lokacin korona na mai ziyara ya nemi izinin aiki daga ciki ta soke shi tun ranar 28 ga Agustan 2024. Duk inda ya juya dai, ka bar shi ya juya shi kaɗai.

Yanzu zo mu yi lissafin da Yaya bai yi ba. Fam 12,000 wajen riyal 60,000 ne, albashinka na wata 15 ba ka taɓa ko sisi ba. Kuɗin sallama a dokar ƙwadago ta Saudiyya rabin albashin wata ne a kowace shekara na biyar ɗin farko, sannan cikakken albashin wata a kowace shekara bayan nan. A kan 4,000, shekara tara ta ba ka 26,000. Amma in kai ka ajiye aiki da kanka tsakanin shekara biyar da goma, kashi biyu cikin uku za a ba ka, wato 17,000 da 'yan kai. In ka cika goma, 30,000 ne cif ko da kai ka ajiye. Ka ga shekara ɗayan nan da ake gaggauta ka ka tsallake ta kai riyal 12,000 da wani abu. Ban da haka ka buɗe Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago ta Saudiyya, ka duba kwantiraginka, don wanda ya fita a tsakiyar wa'adi ba tare da hujja ba kamfani na iya bin sa diyya, ka zo karɓar sallama a ce kai ake bi. Sannan in ka buga fitar ƙarshe, wato bizar barin Saudiyya gaba ɗaya, iƙamar nan ta tafi ke nan, ba a ajiye maka ita ka je ka gwada Ingila ka dawo. Wannan shi ne saki reshe kama ganye, ganyen ma na hoto.

To, wace ƙasa ta fi? Turawa ma suna wannan musun, har ƙuri'a suke yi duk shekara. Akwai wata ƙungiyar mazauna ƙasashen waje mai suna InterNations da take tambayar mutane dubbai ta jera ƙasashe. A 2024 Panama ce ta ɗaya, Meziko na bin ta, sai Indonesiya. A can ƙasa kuwa Kuwaiti ce ta ƙarshe, sai Turkiyya, sai Finland. Ka ji fa, Finland, wadda rahoton farin ciki na duniya yake sa ta a ta ɗaya tun 2018, 'yan ƙasar suna cewa sun fi kowa kwanciyar hankali, baƙin da ke cikinta kuma suna kukan ba aiki, yare ya gagara, ba a samun abokai. Ƙasa ɗaya, amsa biyu, ya danganta da wa aka tambaya. Kuma wa ake tambaya a irin wannan ƙuri'ar? Da yawansu masu fasfo mai ƙarfi ne, wani ɗan fansho ne da ake biyansa da dala ya je neman inda rana take da arhar haya, wani kamfaninsa ne ya turo shi da gida da mota. Ba wanda ya tambayi mai gyaran AC da ke ciyar da gida biyu. In da jerin nan ake bi ai da Yaya Panama zai tura ka.

Su kuma 'yan guruf ɗinku, Allah ya bar zumunci, amma ni na daɗe ina karanta wasiƙun irinsu, abin da ake sawa a guruf daban, abin da ake rubuto min da dare daban. Na Ingila zai faɗi albashinsa a fam kowa ya buga a kalkuleta ya riƙe baki, ba zai faɗi cewa duk abin da ya haura fam 12,570 a shekara ana cire harajin aƙalla kashi 20 ba, ga inshorar ƙasa, ga harajin ƙaramar hukuma, ga hayar ɗaki ɗaya da take lashe kusan rabin abin da ya rage, ga kuɗin ɗumama ɗaki. Na Kanada zai turo hoto cikin dusar ƙanƙara yana murmushi, ba zai ce wata nawa ya yi yana neman aiki ana ce masa ba shi da ƙwarewar ƙasar ba. Kai ba a cire maka harajin albashi, ba ka biyan haya, riyal kuma a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986. Ka tambaye su abu ɗaya kawai, bayan an cire komai nawa ne yake saura a hannunka a ƙarshen wata, ka ga yadda guruf zai yi tsit. Ba na cewa duk ƙarya suke, akwai waɗanda suka shiga ta ƙofa da sana'ar da ake nema kuma sun ji daɗi, amma ana yawan yi wa rogo kallon kitse in yana nesa.

Amma kuma ba zan rufe maka gaskiya ba, a abu ɗaya sun fi ka hujja. Saudiyya ba wurin tsufa ba ne ga baƙo. Zamanka a rataye yake da aikinka, ranar da aiki ya ƙare zama ya ƙare, takardar zaman dindindin da suka fito da ita a 2019 riyal 800,000 ce, ba irinmu aka yi wa ba. Harajin iyali riyal 400 ne a kan kowane mutum duk wata, mata da yara uku 1,600 ke nan daga cikin 4,000 ɗinka, na san shi ya sa suke gida kai kana nan. Ga tsarin mayar da ayyuka hannun 'yan ƙasa, kullum ana ƙara sana'o'i a ciki. Wannan damuwa ce ta gaske kuma ya kamata ta hana ka barci fiye da gorin guruf. Maganinta shi ne ka san shekara nawa ta rage maka da abin da kake son ka fita da shi. In har zuciyarka tana Turai ko Kanada, sana'arka ba abin rainawa ba ce, ka nemi shaidar ƙwarewa da ake karɓa a waje, ka zauna jarrabawar Turanci, ka nema da kanka a shafukan gwamnatocinsu kana kan aikinka albashi na shiga. Zai ɗauki lokaci, kuma Birtaniya ta ƙara tsaurarawa, mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru ya koma fam 41,700 a 2025, wataƙila ma ba ta nan ƙofarka take ba.

Sai maganar Yaya, kuma a nan ka yi haƙuri, ina bayanka ba na bayansa. Girmama na gaba wajibi ne, ban ce ka ɗaga masa murya ba, amma biyayya ba ta kai ga ka ɗauki guminka na shekara tara ka miƙa wa wanda ba ka taɓa gani ba don kada a ce ka raina. A wasiƙarka ban ga inda ka ce Yaya zai sa nasa kuɗin ba. Ban ga inda ya ce in abin ya lalace shi zai riƙe matarka da yara uku ba. Ban ma ga inda aka tambayi ita matar ba, alhali ita ce za ta fara jin yunwar in saƙon wata ya tsaya. Wannan ɗabi'ar tamu ta auna ɗa da ginin ɗan maƙwabci ta jefa mutane da yawa a rami, ɗan wane ya yi gini, to ka san bashin da ke kansa? Ka san awa nawa yake tsaye a rana? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara tara kana turo kuɗi ba fashi, ba a taɓa kama ka ba, ba a taɓa kai ka gidan tarhil inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai dai abin da ake samu duk wata ba a ganin girmansa sai ranar da ya yanke.

Kada ka yi masa gardama ta waya, abin zai koma na girma da raini. Ka tura masa sanarwar rufe hanyar daga shafin gwamnatin Birtaniya, ka ce Yaya ga abin da na gani, a taimaka a tambayi mutumin nan ya yi mana bayani, ka bar shi shi ya gano da kansa, ka ga ka ba shi hanyar janyewa ba tare da ya ji kunya ba. In akwai wani babba da yake jin maganarsa, kawu ko malaminsa, ka sa shi a ciki tun yanzu. In kuma ya riga ya ba ejan ɗin wani abu na kafin alƙalami daga aljihunsa, wanda ina zargin shi ya sa matsin ya yi yawa haka, ka tambaye shi a hankali nawa ne, in kana da hali ka rage masa asarar, ta fi sauƙi a kan 60,000. Kuma in ejan ɗin yana da hoton fasfonka ko na iƙamarka, ka rubuto min ka faɗa min me da me aka tura masa.