Ku Tambaya Mu Amsa: Sana'ar Gyaran Rubutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama digiri a fannin Hausa ina zaune a gida, ƙawayena marubuta suna turo mini labaransu in duba musu kyauta. Yaya zan mai da abin sana'a, kuma nawa zan riƙa karɓa? Daga wata mai karatu a Ɗorayi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ai kin riga kin fara, kuɗin ne kawai bai fara shigowa ba. Kafin ki karɓi aiki, ku daddale wane irin gyara ake so. Duba kurakurai daban, wato harafi, waƙafi, aya da rabon kalmomi, irin "ya na" a maimakon "yana", ko "akan tebur" inda ya kamata a rubuta "a kan tebur". Gyaran jimla da tsarin labari kuma daban, shi ne mai cin lokaci. Rigimar mai gyara da marubuci galibi daga nan take tashi: ya biya kuɗin na farko, yana jiran na biyu.

Kada ki yanke farashi da ka. Ɗauki kalma 1,000 daga tsakiyar littafin (babin farko marubuci ya riga ya goge shi sau goma), ki gyara kina kallon agogo. In ya ci miki minti 50, littafi mai kalma 60,000 zai ci awa 50 ke nan, kusan mako biyu in kina yin awa huɗu a rana. Daga nan ki lissafa abin da awarki ta cancanta, ki haɗa da data da cajin kwamfuta. Ki yi ciniki da yawan kalmomi, don shafi yana ruɗi: mai ƙananan haruffa zai cusa miki shafi biyu a ɗaya. Ki karɓi rabi kafin alƙalami, rabi ranar miƙa aiki.

A Microsoft Word kuwa, ki kunna Track Changes kafin ki taɓa ko harafi ɗaya, don marubucin ya ga kowane gyara ya karɓa ko ya ƙi. Ga kuma wani tarko da ya keɓanci Hausa. Rubutun da aka buga da tsofaffin haruffan Hausa na kwamfuta irin Rabi'at, in aka buɗe shi a wata kwamfutar da ba ta da su, sai "ƙasa" ta koma "qasa", "ɗaki" ya koma "xaki", "ɓata" ta koma "vata". Mai gaggawa sai ya sa kwamfuta ta musanya duk v da ɓ gaba ɗaya, sunayen Turanci da ke cikin rubutun su lalace, ki tarar da "Uniɓersity" a bangon littafi. A bi su ɗaya bayan ɗaya. Ki ajiye Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kusa da hannu.

Tambaya: Na buɗe shafi a Fiverr da Upwork, dandalolin neman aiki ta intanet, wata uku, ko sallama ba a yi mini ba. Ina matsalar? Daga wani mai karatu a Fagge.

Amsa: Malam, muna kyautata zaton ka rubuta cewa kana gyara kowane irin Turanci, inda kake gogayya da dubban mutane daga Amurka, Ingila da Indiya. Taƙaita kanka inda ba cunkoso: duba fassarar Turanci zuwa Hausa, gyaran rubutun Hausa, ko daidaita kundin ɗalibai da tsarin APA na kawo manazarta. Kamfanonin fassara suna neman mai duba Hausa, kuma suna leƙa ProZ.com, dandalin masu fassara, da LinkedIn. Ka saka samfuri guda uku, kowane da yadda yake kafin gyara da bayan gyara, da izinin masu rubutun.

Ka san lissafin tun wuri. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100, aikin dala 50 dala 40 ce taka, kuma sabon shiga sai ya jira kwana 14 kafin ya iya cire ta. A Upwork kowane neman aiki yana cin Connects, wato tikitin neman aiki na dandalin, waɗanda sayensu ake yi in sun ƙare, don haka kada ka watsa su kamar hatsin kaji; nemi aikin da ka dace da shi, ka fara saƙonka da abin da za ka yi wa rubutun mutumin. Sunan da ke shafinka ya zama daidai da na katin shaidarka da na Payoneer, asusun karɓar kuɗi daga waje, harafi da harafi, in ba haka ba kuɗi na iya maƙalewa a wurin tantancewa.

Wanda ya ce ku koma Telegram, ko ka biya kuɗin rajista kafin a ba ka aiki, ɗan damfara ne. Gwajin kyauta kuma kada ya wuce kalma 500, domin akwai masu raba littafi babi-babi ga mutum goma da sunan gwaji, su tashi da gyararren littafi ba su biya ko sisi ba.