Ko in sauya kalifar birkin baya ta Land Cruiser da babba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Land Cruiser 200 ƙirar 2011. Kwanaki na taso daga Jos za ni Abuja da iyali da kaya maƙil, muna cikin gangaren Hawan Kibo sai na ji birki ya yi laushi, sai na danna ƙwarai kafin motar ta rage gudu. Da na tsaya, ƙauri na tashi daga tayar baya. Bakanikena ya ce kalifar baya, wato ƙarfen da ke matse diskin birki, ita ce ta yi wa motar kaɗan, domin fistin ɗaya gare ta, in nemi mai fistin huɗu irin ta gaba. Bara na sa wa motar manyan tayoyi. Shin in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya ƙara tsarewa, wannan gangaren ba wurin wasa ba ne. Amma dakata da sayen nan tukuna. Abin da ka bayyana bai yi kama da ƙanƙantar kalifa ba, kuma sauya ta baya ita kaɗai na iya jawo maka abin da ya fi wanda kake gudu muni.

Duk lokacin da ka taka birki, nauyin mota yana rinjaya gaba, hancinta ya duƙa, bayanta ya ɗan ɗago. A doguwar jif mai bisa irin taka abin ya fi yawa, a gangare kuma ya ƙaru. Tayoyin gaba su ne ke danne da ƙasa, don haka su ke ɗaukar kaso mafi tsoka na aikin tsayawa, wajen biyu bisa uku ko fiye idan takun gaggawa ne. Na baya ba sa iya karɓar birki fiye da gwargwadon nauyin da ya rage a kansu. Shi ya sa Toyota ta sa kalifa mai fistin huɗu a gaba, mai fistin ɗaya a baya. Ba rowa ba ce, lissafi ne.

Idan ka ƙara wa baya ƙarfi, tayoyin baya za su riga na gaba maƙalewa. Motar da gabanta ya maƙale takan zarce miƙe. Wadda bayanta ya maƙale kuwa juyowa take yi, gindinta ya nemi wuce kanta, kuma jif mai tsayi idan ta juya a gicciye kifewa ba ta da wuya. Za ka ce ai akwai ABS, na'urar da ke hana taya maƙalewa idan an taka birki. Akwai, amma kwamfutar da ke kula da ABS da rabon birki tsakanin gaba da baya an saita ta ne a kan girman kalifar asali. Da ta ga tayar baya na neman tsayawa cak, za ta rage mata matsi. Ka ga ke nan ƙarfin da ka saya da kuɗinka kwamfuta ce za ta riƙa zubar da shi, tsarin kuma yana aiki a kan lissafin da ba nasa ba, musamman a kan tsakuwa ko jiƙaƙƙiyar kwalta.

Maganar yawan fistin ma akwai ruɗu a cikinta. Kalifar bayanka irin mai zamewa ce: fistin ɗaya ya tura fad (lainin da ke gogar diski) na ciki, jikin kalifar ya zame a kan ƙusoshi biyu ya jawo fad na waje. Mai fistin huɗu kafaffiya ce, biyu ta nan, biyu ta can. Wajen auna ƙarfin matsewa, gefe ɗaya kawai ake ƙirgawa. Ɗauki misali: fistin ɗaya mai faɗin milimita 48 da fistin biyu masu milimita 34 kowanne, kusan ƙarfinsu ɗaya. Saboda haka kana iya sayen mai huɗu ka tarar ba abin da ya ƙaru sai kyan gani ta cikin rim. In kuma ka samo wadda ta fi girma da gaske, ƙarin kashi 10 cikin ɗari a faɗin fistin yana ƙara ƙarfin matsewa da kusan kashi 21, ya kuma ƙara yawan man da take sha kafin ta kama. Sakamakon haka feda na iya ƙara nitsewa, wato laushin da kake kuka da shi.

To me ya faru a Hawan Kibo? Zafi. Motarka ko ba kowa a ciki ta haura tan biyu da rabi, da mutane da kaya tana dosar tan uku da wani abu. Birki ba ya yin komai illa mayar da gudu ya zama zafi, kuma a dogon gangare in ƙafa na kan feda, zafin taruwa yake ba ya samun fita. Daga nan abu biyu kan faru, kuma ƙafarka tana iya bambance su. In feda ta yi tauri amma motar ta ƙi tsayawa, fad ne ya yi zafi ya daina kamawa. In feda ta yi laushi tana nitsewa, man birki ne ya tafasa, ya yi tururi a cikin bututu, tururi kuwa matsuwa yake yi. Naka na biyun ne.

Nan ne nake so ka fi mayar da hankali, don nan ne aka fi sakaci. Man birki yana tsotsar danshi daga iska a hankali. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 na Salshiyas, amma in ya sha ruwa kusan kashi 3.7 cikin ɗari, mizaninsa ya sauko 140. DOT 4 daga 230 yake saukowa 155. Mafi yawan motocinmu ba a taɓa juye musu mai gaba ɗaya, ciko kawai ake yi idan ya ragu, shekara da shekaru. Ka tambayi kanka yaushe rabon da a sauya naka. Ya kamata a yi duk shekara biyu, daga sabuwar roba da ba a taɓa buɗewa ba, ba wanda ake tsiyayowa daga buɗaɗɗen galan a bakin titi ba. DOT 4 ko DOT 5.1 za su yi maka. Kada a kuskura a zuba DOT 5, wannan na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran.

Ƙaurin da ka ji a baya shi ma shaida ne, amma ba a kan abin da bakanike ya ce ba. In da gaske birkin baya ne ya fi zafi, to akwai abin da ke riƙe shi ko ba ka taka ba. Sau da yawa ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu ne suka bushe, robarsu ta yage, ƙura da ruwan damina suka shiga. Ko fistin ya yi tsatsa ya ƙi komawa. A ɗaga motar a juya tayoyin baya da hannu, a cire fad a kwatanta: in na ciki ya cinye na waje yana nan, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, an kama ɓarawon. A wanke ƙusoshin a shafa girisin birki mai silikon. Baƙin girisin da ake sa wa boris kumbura roba yake yi, bayan wata biyu ka koma gidan jiya. A kuma duba birkin hannu, domin a wannan motar ɗan ƙaramin duram ne a cikin diskin baya da nasa lainin, in an ɗaure shi da yawa yana ja yana ɗumama diskin.

Manyan tayoyin ma sun ci wani abu. Tayar da ta fi ta asali tsayi da kashi 5 cikin ɗari tana rage ƙarfin birki a ƙasa da kusan hakan, ga ƙarin nauyinta.

Bayan an sauya mai an gyara ƙusoshi, a sa fad mai kyau gaba da baya, a auna kaurin diski, mafi ƙarancin da aka yarda da shi a rubuce yake a jikinsa. Kalifar da ta lalace a maye gurbinta da irinta, kuma in ta Beljiyam ce daga Ƙofar Ruwa ko Panteka, a sake mata robobi kafin a ɗaura. A lura notin fitar da iska ya kalli sama. An sha juya ta hagu zuwa dama, notin ya koma ƙasa, a wuni ana famfo iska ta ƙi fita. Yawancin irin motarka kuma famfon lantarki ne ke taimaka wa birki, fitar da iskarsu na da nasa tsari, gara a kai wa mai na'urar kwamfutar Toyota.

Akwai inda ƙarin girma ke da hujja: motar da aka yi wa sulke, ko mai jan tirela kullum. A nan ma daga gaba ake farawa, ko a sa saiti guda na ƙafa huɗu da aka ƙera wa motar, irin wanda kamfanin Alcon ke yi wa masu sulke, a kuma tabbatar rim zai ɗauka. Toyota da kanta, da ta so ƙara wa wannan motar birki a ƙirar 2016, diskin gaba ta ɗaga daga milimita 340 zuwa 354, ta bar na baya a 345 ɗinsa.

Gaba in za ka sake bin gangaren, tun daga sama ka mayar da giya S, inda kai ne ke zaɓar giya da hannu, ka sauko da ita ta uku ko ta biyu, inji ya riƙe motar. Ka taka birki da ɗan ƙarfi gudu ya ragu, ka ɗaga ƙafa ya sha iska, maimakon ka ɗora ta a kai har ƙasa. In ka sake jin laushi, nemi fili ka tsaya, ka sa motar a P, ka datse taya da dutse, kada ka watsa wa diski ruwa, ka ba shi lokaci ya huce da kansa.