Na sauya manhajar Wi-Fi a Linux, yanzu intanet na ta yankewa

Tambaya: Malam, Debian nake amfani da shi a laftof ɗina. Na daɗe ina haɗa Wi-Fi da wicd, kwanan nan na saka NetworkManager. Tun daga ranar, intanet ɗin sai ta haɗu ta yanke, wani lokaci kuma ta nuna ta haɗu amma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa. Katin Wi-Fi ɗin ne ya lalace, ko in koma wa wicd?

Amsa: Da wuya a ce katin ne. Katin da ke aiki lafiya jiya ba ya mutuwa don an sauya manhaja. Kuma ban ba ka shawarar komawa wicd ba: da harshen rubuta manhaja na Python 2 aka rubuta shi, wanda aka daina kula da shi tun Janairun 2020. NetworkManager, da kamfanin Red Hat ya faro a 2004, shi ne ya fi dacewa da laftof da ke yawo tsakanin Wi-Fi daban-daban.

Abin da na fi zargi shi ne tsohuwar manhajar tana nan tana aiki. Saka sabuwa ba ya kashe tsohuwa. Duk lokacin da ka kunna kwamfutar su biyun suna tashi, kowacce ta kama katin, kamar direba biyu a kan sitiyari ɗaya. Wannan ta haɗa, waccan ta ga haɗin da ba nata ba ta katse shi, ta nemi sabon adireshi, wato lambar da ake gane kwamfuta da ita a intanet. Daga nan yankewar take fitowa.

Ka buɗe terminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta systemctl list-units --type=service --state=running, ka duba sunayen da suka fito. Idan ka ga wicd, ko dhcpcd, ko connman, ko iwd tare da NetworkManager, ka kama ɓarawon. Ka tsayar da shi da sudo systemctl disable --now wicd, ko sunan wanda ka gani. Kalmar disable ɗin nan tana da muhimmanci, domin idan stop kawai ka yi, gobe da ka kunna zai sake tashi. Amma kada ka taɓa wpa_supplicant. Mutane da yawa suna ɗaukarsa kishiya su kashe shi, alhali shi ne NetworkManager ke aika wa ya yi maganar kalmar sirri da rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi. Ka kashe shi, Wi-Fi ya tafi gaba ɗaya.

Akwai wani tarko na Debian. Idan an rubuta sunan katinka a cikin fayil ɗin /etc/network/interfaces, NetworkManager zai ɗauka wani ne ke kula da shi, ya janye hannunsa. Za ka gane haka idan nmcli device status ya nuna unmanaged a gaban katin. Ka sa alamar # a farkon layukan da suka ambaci katin, ka bar layukan da ke da kalmar lo yadda suke, sannan ka sake kunna kwamfutar.

Idan bayan wannan matsalar ba ta kau ba, ka bi ta daga ƙasa zuwa sama, kada ka riƙa canza abu uku lokaci guda. Da farko rfkill list: idan ya ce an toshe ta manhaja, rfkill unblock wifi zai buɗe, idan kuwa maɓallin jikin laftof ne, sai ka danna shi da hannu. Sai ip addr, ka ga ko katin ya samu adireshi. Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin rauta ba ta ba ka komai ba, kwamfutar ce ta raɗa wa kanta.

Batun “ta haɗu amma shafi ba ya buɗewa” kuwa, yawanci DNS ne, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi lamba. Ka gwada ping 1.1.1.1, sannan ka gwada ping debian.org. Idan lambar ta amsa sunan bai amsa ba, intanet ɗinka lafiya lau take, fayil ɗin /etc/resolv.conf ne ke riƙe da abin da tsohuwar manhajar ta bari. Bayan ka kashe ta, sudo systemctl restart NetworkManager kan sa ya rubuta sabo. In ya ƙi, journalctl -u NetworkManager -b zai nuna maka daidai inda haɗin ke karyewa, ko wajen kalmar sirri ko wajen neman adireshi.

Kalmomin sirrin da wicd ya adana ba sa bin ka, sai ka sake shigar da kowanne, NetworkManager ya ajiye nasa a /etc/NetworkManager/system-connections. Kuma kafin ka goge wicd ɗungurungum da apt purge, ka tabbatar sabon yana aiki, ko ka tanadi kebul ɗin intanet da ake jonawa da rauta, ko kebul ɗin da za ka jona wayarka ta hannu da shi, domin idan Wi-Fi ya ɗauke a tsakiyar aikin, ta nan kaɗai za ka sauko da gyara.