Tambaya da Amsa: Libarbar kaboyi za ta yi mini farauta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina wuni, ya aiki ya iyali. Dan Allah tambaya gare ni. Ni tun ina yaro nake bin babana daji, shi da adaka yake harbi har Allah ya yi mishi rasuwa, to yanzu kullum ina ganin bidiyo a YouTube na mutanen Amurka suna harbin gwangwani har da farauta da ƙaramar bindigar nan ta kaboyi mai juyawa, wadda sai an ja wani abu baya da babban yatsa kafin ta tashi, wallahi ta shiga raina. In mutum zai zaɓa wace iri ta fi, kuma za ta yi mini zabin daji da zomo in kaka ta yi? Daga mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Wadda ka gani libarba ce, kuma a cikin libarba ita ce ta da. Abin da ake ja baya da yatsa shi ne guduma, in ka ja ta sai tulun harsashin ya juya ya kawo sabo daidai bakin bututu, kunama kuma aikinta guda ɗaya tak, sakin gudumar. Ɗaya irin, ta zamani, jan kunama kaɗai ke ɗana ta ya kuma sake ta, shi ya sa kunamarta take da tauri da dogon ja. Ita wannan taka da ka ɗana, ɗan taɓi kaɗan ya isa, hannu ba ya karkacewa, kuma dalilin da ya sa masu harbin saiti ke sonta ke nan duk da sanyin jikinta.

Sanyin jiki kuwa akwai shi. Na taɓa riƙe ta a wani filin koyon harbi lokacin da na yi tafiya waje, mai koyarwar ya buɗe wata 'yar ƙofa a gefen dama ya ce in zuba, sai na ga ashe ɗaya bayan ɗaya ake sawa kana juya tulun yana ƙas ƙas, in ka gama harbin kuma akwai wani tsinke ƙarƙashin bututu da za ka dinga turo kwankon da shi, shi ma ɗai-ɗai, kafin in gama na kusa da ni ya ƙare nashi ya sake zubawa har ya fara kallona. Amma mariƙinta ya burge ni, lanƙwasarshi kamar ƙotar fartanya, in ta tashi sai ta mirgina sama a tafin hannu maimakon ta doki wuyan hannunka.

Uwarsu duka ita ce ta kamfanin Colt ta 1873, wadda aka yi wa sojan Amurka, harsashinta .45, wato lambar faɗinshi, ita ce ta finafinan kaboyi. Har yau ana yin kwafinta a Italiya, kamfanonin Uberti da Pietta. Kyau kam akwai kyau, sai dai abu biyu. Na ɗaya saitinta a kafe yake, ɗan tsagi ne kawai a bayanta da ɗan tsini a gaba, in tana jefa harsashi hagu ba ka da abin murɗawa, sai dai ka koyi halinta kamar tsohon jaki. Na biyu ya fi muni: a tsohon ƙirar, in guduma tana kwance kan harsashi kuma bindigar ta faɗi ƙasa, tana iya tashi da kanta ba wanda ya taɓa kunama. Shi ya sa masu ita tun da can biyar suke zubawa a tulu mai gida shida, su bar guduma kan gidan da ba kowa. Kamfanin Ruger ne a 1973 ya sa wani ƙarfe tsakani wanda ba ya tasowa sai an ja kunama, to duk wanda ke neman ta aiki ba ta ado ba, irin mai wannan ƙarfen ya kamata ya duba, mai saitin da ake murɗawa kuma, kamar Blackhawk da suka fara fitarwa a 1955, amma wadda aka ƙera daga 1973.

Sai harsashi, nan ne samari ke tafka kuskure, kowa babba yake so. Na harbin saiti babu kamar .22, wato ƙaramin nan mai faɗin milimita biyar da rabi da ɗan wani abu, Single-Six ta Ruger da ta fito a 1953 shi take ci. Ba ya duka, ƙararshi da sauƙi, shi ne mafi araha a ƙasashen da ake wannan wasa, kuma iya harbi da yawan harbi ake samunshi. Na tsakiya .357 Magnum, amfaninshi bindigar da ke cin shi tana cin .38 mai sanyi, ka yi koyo da wannan ka fita daji da wancan. .44 Magnum kuwa na manyan namun dajinsu ne, ɗan koyo in ya fara da shi abin da zai koya shi ne runtse ido kafin ya ja kunama, kuma wannan hali in ya kama mutum fitarshi sai an sha wuya. Tsawon bututu ma da magana, na Colt ana yin mai wajen santimita 12, da 14, da 19, dogon ya fi daɗin saiti don tazarar da ke tsakanin tsagin baya da tsinin gaba ta fi yawa, gajeren sauƙin ɗauka kawai gare shi.

To yanzu zabi da zomo. Gaskiya ɗan'uwa a'a. Libarba ƙwaya ɗaya take jefawa, gwanaye ma a mita 25 suke gasa kan takarda da ba ta motsi, kai kuma zabuwar daji ba za ta tsaya ta jira ka ɗana ba, da ta ji motsin kara ta yi fir. Adakar baba da kake ganin ta tsufa ta fi ta dacewa da wannan aiki don ita watsawa take, haka bindigar farauta mai lamba 12. Kuma ka duba yadda dajinmu yake, fili ne shimfiɗe, bayan kowace gona akwai wata gona, akwai makiyayi, akwai yara masu kalar wake, ƙaramin .22 ɗin nan da aka raina in ya kuskure yana tafiya fiye da kilomita guda. Waɗanda ka gani a bidiyo akwai tudun ƙasa bayan gwangwaninsu, kyamara ce ba ta nuna maka ba.

Na bar babbar magana a ƙarshe da gangan don kar ka ce na ƙi amsa maka. A Nijar bindiga ba a riƙe ta sai da izinin hukuma, ta hannun ma'aikatar cikin gida, parmin farauta kuma daban yake, wajen ma'aikatan gandun daji ake nema, dokar farauta ta 1998 ce ta tsara shi, akwai lokacin buɗewa da na rufewa da namun da ba a taɓawa sam, wuri irin gandun dajin Gadabeji kuwa, da aka kai raƙuman dawa a 2018, ko kusa da shi kar ka je da bindiga. Ƙaramar bindiga da ke shiga aljihu ba kallon kayan farauta jami'i ke mata ba, balle yanzu da halin da ake ciki wajen Madarunfa da Gidan Runji da 'yan bindiga, a tare ka a shinge da ita ba takarda, labarin YouTube ba zai hana ka kwana kaso ba. Wanda duk ya ce zai kawo maka ta bayan fage ka rabu da shi. Ka fara zuwa ofishin gandun daji na nan Maradi ka tambaye su wace irin bindiga suke rubutawa a parmi, in ka fito ka biya wajen Sarkin Baka na yankinku ka gaishe shi, wataƙila ma ya san baba.